Hotunan da Muka Goge

Kun san kududdufin nan na bayan tsohuwar masaƙa. Kada wani ya ce mini bai san shi ba. Ta gefensa kuke bi kullum idan za ku wurin aiki, kuna toshe hanci da gefen mayafi ko hannun riga, kuna mayar da ido ɗaya ɓangaren titi inda aka jera sababbin fitilu da tukwanen furanni. Shekara nawa kuna haka? Da ɗayanku ya taɓa tsayawa na minti biyu ya ɗaga kai, da ya ga itatuwan da ke tsakiyar ruwan sun yi fari fat kamar an yi musu shanya. Balbelu ne. A can ƙololuwa kuma akwai sheƙar zalɓe goma sha ɗaya, da idona na ƙirga. Ba ku gani ba don ba ku so ku gani ba. Yanzu ga shi ranar Litinin mai zuwa tifofi za su fara juye ƙasa a ciki, a shimfiɗa wurin ajiye motoci.

Ba zan wanke kaina ba. Laifina ya fi naku. Ni na duba, har da kyamara na duba, kuma abin da na yi da abin da na gani shi ne zan faɗa muku.

Malamar makaranta ce ni, kimiyyar halittu nake koyarwa a sakandare. Shekara huɗu da suka wuce na shiga wata 'yar ƙungiya ta masu ɗaukar hoton tsuntsaye da shimfiɗar ƙasa don sha'awa. Mu takwas ne, ba wanda hoto ne sana'arsa. Akwai mai kantin magani da muke kira Likita, akwai Tela, akwai sauran. Jagoranmu tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya. Shugaba kowa ke ce masa, har matarsa idan tana son tsokanarsa. Shi ya koya mini riƙe numfashi kafin in danna. Shi ya koya mini zama cikin ciyawa awa biyu, sauro na shagali a ƙafata ban motsa ba.

Dokokinsa uku ne. Ba a matsawa kusa da sheƙa. Ba a faɗa wa kowa inda aka ɗauki hoto, ko da mahaifiyarka ce ta tambaya, kuma ranar da ka shiga ƙungiya da hannunsa zai kashe maka abin nan da ke rubuta wuri a jikin hoto. Ta uku, hoto sai ya fito tas: ba leda, ba bango, ba wayar lantarki, ba ɗan Adam.

Duk Asabar da safe mukan shiga kududdufin ta baya, inda katanga ta rushe. Idan rana ta ɗaga sai mu taru a ɗakin ajiya na kantin Likita, tsakanin kwalayen ruwan magani, mu kewaye kwamfuta. Shugaba na zaune da tabarau a ƙarshen hanci, yatsansa a kan madannin gogewa kamar mai jiran kiran sallah.

"Leda a ƙasan hagu. Goge."

"Shugaba, dubi yadda ya buɗe fiffike fa!"

"Ya buɗe shi a kan juji. Na gaba. Wannan kuma bututun hayaƙin masaƙa ya leƙo. Datse gefen. In bai datsu ba, goge. Kuma a goge na asalin a katin kyamara, kada gobe zuciya ta raya wa mutum ya nuna wa jama'a."

Haka muka yi ta yi. Na ƙware a datsa har Shugaba ya riƙa ba da misali da ni. Hotunana suka fito kamar an ɗauke su a wani daji mai nisa da ƙafar mutum ba ta taɓa takawa ba, ni kuma ina ta fankama.

Ranar Talata ta makon jiya motar haya ta lalace da mu a kan sabon titin, na sauka na taka da ƙafa. A nan na ga allon sanarwa, babba, a gaban kududdufin, yana fuskantar titi. Ofishin sabunta gari zai cike wurin. Mai ƙorafi ya kai a rubuce kafin ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis ta wannan makon da muke ciki. Na duba ranar da aka kafa allon. Ya yi sati uku a tsaye. Asabar uku muna shiga ta baya, muna saita kyamara yadda titi ba zai fito ba, ba wanda ya gan shi a cikinmu.

Na wuce gida kai tsaye. Mama na ninke kaya a tsakar gida, Yaya kuma ya baje wata waya a kan tire yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki. Gyaran waya ne sana'arsa, kuma yana cikin waɗanda aka ba shago a jerin sababbin shagunan da ake yankawa a cikin masaƙar.

"Auta, zauna ki sha ruwa," in ji shi bayan na zazzage musu labari. "Tsuntsu fa fiffike gare shi. In an kore shi a nan sai ya tashi can."

"Can ina? Faɗa mini can ɗin. Wane ruwa ya rage a garin nan da ba a rufe shi da siminti ba?"

"Ke ce malamar halittu. Ni fuskar waya nake canzawa."

"Ƙwai ma fiffike gare shi, ko? 'Ya'yan da ko gashi ba su yi ba, su ma su tashi?"

"To kwaso su ki kawo ɗakinki. Dama ba ki kawo mana miji ba, kawo mana zalɓe, ya fi wasu tsayi."

Mama ta jefe shi da safa. Sannan ta juyo gare ni.

"Ni dai ki ji da kyau. Shekara ashirin duk damina ina ɗora katifa a kan tebur. Tun da mutanen nan suka gina lambatu ruwa bai sake shiga ɗakina ba. Kada ki je ki zage su da bakin nan naki."

Gaskiyarta ne, kuma ba zan ɓoye ba. Unguwarmu ta canza. Layin da da sai ka tattare zani ka bi ta kan duwatsu, yanzu har keken guragu na wucewa. An yi fenti, an sa kujerun zama, tsofaffi sun samu inuwa. Ina son wannan duka. Abin da ba na so shi ne a ɗauka duk wurin da ba a shafa wa siminti ba kufai ne.

Washegari na nemi izini a makaranta na tafi ofishin sabunta gari. Gini ne sabo mai warin fenti. A bangon da ke fuskantar ƙofa an manna babban zanen yadda bayan masaƙa zai koma: motoci a jere, mutane na tafiya da jakunkuna suna murmushi, a sama kuma mai zanen ya yarfa fararen tsuntsaye guda biyar suna shawagi don ado. Na tsaya ina kallonsu har maigadi ya tambaye ni ko lafiya.

A hawa na biyu aka haɗa ni da injiniyar da ke kula da aikin. Mace ce da za ta kai shekara arba'in, da takalman roba masu laka a ƙarƙashin teburinta. Na shiga da zafina, na fara karanto mata abin da na haddace a hanya. Ta bar ni na kai aya, sannan ta jawo wani rahoto ta buɗe mini shafi.

"Malama, karanta nan."

An rubuta cewa ba a samu wata halitta mai muhimmanci a wurin ba.

"Wa ya duba? Yaushe?"

"An tura mutum. Ya je da tsakar rana, cikin rani, ya ga leda da tayoyi ya dawo. Ni ma ban gamsu ba, shi ya sa na sa aka rubuta wa ƙungiyarku wasiƙa shekara biyu da suka wuce. An ce ku ne masu sanin tsuntsayen garin nan. Ga amsar da aka ba mu."

Na gane rubutun Shugaba tun daga nesa, rubutun mutumin da ya shekara talatin yana duba adireshi. Layi biyu ne. Ƙungiya na godiya, amma bisa ƙa'idarta ba ta bayyana wuraren da tsuntsaye ke sheƙa.

Na fito da kwamfutata.

"To ga su. Ga shaida, ta shekara huɗu."

Ta matso da kujera. Ta daɗe a kan wani hoto da na fi so, zalɓe na miƙa wa ɗansa kifi, hasken safiya a bayansu.

"Kai, wannan ya yi kyau. A wane gandun daji kika ɗauka?"

"Gandun daji? Bayan masaƙa ne! Nan, inda za ku cike!"

"Nuna mini masaƙar."

Na wuce hoto na biyu, na goma, na hamsin. Ruwa, reshe, fiffike, gajimare. Ko bulo ɗaya babu.

"Ki fahimce ni," in ji Injiniya. "Ban ce ƙarya kike yi ba. Amma ni ma akwai kwamiti a samana. In na kai musu wannan za su ce daga intanet aka ɗauko. Ƙa'idarmu ta ce idan an nuna tsuntsaye na sheƙa a wuri shekara uku a jere, dole a dakatar da aiki a sake nazari. Kawo mini na bana, na bara, da na bara waccan. Kowanne da kwanan watansa a jiki, kowanne kuma da abin da zai nuna wurin ne. Bututun hayaƙin nan ma ya isa, ba mai irinsa a garin."

Bututun da na yi shekara huɗu ina datsewa.

Ranar Alhamis bayan an tashi makaranta na wuce gidan Shugaba. Ya shekara goma sha biyu yana ɗaukar kududdufin nan, na ce a raina ba zai yiwu a ce ko ɗaya bai kuɓuce masa ba. Matarsa ta shigar da ni falo. Hotuna ne a bango daga sama har ƙasa, cikin gilashi, an goge su sai sheƙi suke. Yana zaune yana share bakin kyamara da wani ɗan ƙyalle.

Ban ko gama gaisuwa ba na ajiye masa kwafin wasiƙarsa a kan gwiwa.

"Baba, kai ka rubuta wannan?"

Ya duba, ya gyaɗa kai.

"Sun tambaye mu! Da ƙafarsu suka zo suka tambaye mu, ka rufe musu ƙofa!"

"Rage murya, 'yata, ba a aji kike ba." Ya cire tabarau. "Ba ki zo ba lokacin. Shekarar da muka fara, wani a cikinmu ya sa hoto a intanet ya rubuta wurin. Kafin sati ya zagayo mutane sun zo da raga da gwangwani. Wani har da kwalekwale ya yi aro. Suka kwashe ƙwai, suka kwashe 'ya'ya. Na tsinci gawar zalɓe uku a bakin ruwa da hannun nan. Shekara biyu itatuwan nan ba kowa. Da suka dawo na rantse ba za a sake jin wurin daga bakina ba. Shiruna ne ya raya su har kika zo kika same su."

"Shirun ya tsare su daga mai raga. Katafila ba ta buƙatar a nuna mata hanya, Baba. Ita wurin da ba a ce komai a kansa ba take nema."

Ya tashi ya buɗe kabad, ya fito da akwatin ƙarfe cike da katunan kyamara, kowanne a cikin ambulan da shekararsa a rubuce. Muka zauna muna sa su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta kawo shayi ya huce ba wanda ya taɓa. Hoto dubu nawa muka wuce ban sani ba. Duk tas. A wani ma na ga inda sararin sama ya ɗan yi dishi-dishi a gefen dama.

"Nan fa?"

"Bututun ne," ya ce a hankali. "Hoton ya yi mini kyau, na kasa gogewa. Sai na zauna kwana biyu na shafe shi da launin sama."

"Na asalin fa?"

Ya dube ni kawai. Ai ni ma na san amsar, ni ce ɗalibarsa ta gaban goshi.

Matarsa ta leƙo daga ƙofa.

"Shugaba, ban faɗa maka ba? Hoton aurenmu ma da ka samu dama da ka datse ni."

Ba wanda ya yi dariya. Shugaba ya mayar da katunan cikin ambulan, yana ta daidaita su kamar akwai sauran amfanin jerin.

Asabar da sassafe na riga kowa zuwa. A karon farko na shiga ta gaba, ta bakin titi. Na tsaya a kan tarin shara na ɗauki mafi munin hotunan da na taɓa ɗauka: bututu a tsakiya, allon sanarwa a gefe, tayar mota rabi a ruwa, sheƙu a sama. Na bana ya samu. Saura shekara biyu da ba zan iya komawa cikinsu da kyamara ba.

A ɗakin ajiyar Likita na faɗa wa 'yan ƙungiya komai. Shugaba bai zo ba, an ce ba ya jin daɗi. Na roƙe su kowa ya koma gida ya tono tsofaffin katuna, ya tambayi 'yan uwa da maƙwabta.

"Malama, ki yi haƙuri," in ji Likita. "Abin da hukuma ta sa a gaba, ni da ke ba mu isa ba. Kowane tsuntsu da rabonsa."

"Ni ina da shawara," in ji Tela. "Ranar Lahadin ƙarshe mu fito dukkanmu da asuba mu ɗauki fitowar rana ta bankwana. In aka samu ɗan hazo a kan ruwa, wallahi hoton zai girgiza mutane. Sai mu yi baje koli."

Sai kuwa suka kama. Wannan na cewa ta gabas za a tsaya, wancan na cewa a'a, ta gabas bututu zai shigo.

"Ku ji kanku!" na ce. "Mara lafiya na numfashi kuna gardamar launin likkafani! Ko a hoton bankwanan ma datse bututun za ku yi?"

"Ke dai kin cika zafi," in ji Likita. "Shekarunki ne."

Na ɗauki jakata na fita, na bar ƙofar a buɗe.

Ƙafata ta mayar da ni kududdufin. A gefen kudu akwai wani mai wanki da ya daɗe a wurin. Ba da ruwan kududdufin yake wanki ba, famfo gare shi, amma a nan yake da igiyoyin shanya. Duk 'yan ƙungiya sun san shi, domin duk Asabar sai an tura wani ya roƙe shi ya janye zannuwan gado daga inda za su shiga hoto. Sau da yawa ni ake turawa.

"A'a, Malama mai dogon hanci," ya ce, yana nufin kyamarata. "Yau wace igiyar ce ta tsone muku ido? Bari in sauke."

"Bar ta, Baba mai wanki. Yau ko wandunan garin nan duka ka shanya ba ruwana."

Na zauna a kan wani bokiti da aka kife na ba shi labari. Ya san da maganar cikewar, an riga an ce ya nemi wani wuri. Da na zo kan shaidar da ake nema sai ya dakata da matsar rigar da ke hannunsa.

"Wato hoton da ya nuna nan ɗin nan ne kuke nema?"

"Shi."

"Ku da kyamarori kamar bindigar yaƙi ba ku da shi?"

"Ba mu da shi."

Ya yi dariya har ya dafa igiya. Sannan ya goge hannu a gaban riga ya zaro wata waya mai tsagaggiyar fuska daga cikin leda.

"'Yata tana aure a nesa. Kullum sai ta ce Baba turo hoto in ga ko ka rame. To ni ban iya tsayuwar hoto ba, sai in miƙa hannu in danna."

Ya miƙo mini. Rabin fuskarsa ne a gaba, babban yatsansa ya rufe kusurwa ɗaya, zanin gado mai furanni ya ratsa ta tsakiya. Da Shugaba ya gan shi da ko daƙiƙa ɗaya ba zai yi ba. Amma a bayan kunnen Baba mai wanki ga bututun hayaƙi a tsaye, ga itatuwa fari fat. Na buɗa hoton da yatsu biyu. Ga duhun sheƙu a saman rassa, har da dogon wuyan zalɓe ɗaya. Irinsa guda shida na samu a wayar.

"Turo mini su yanzu," na ce.

Allah ya sa na kira Yaya tukuna.

"Kada ki yarda ya turo ta manhajar hira," in ji shi. "Tana kankare kwanan watan da ke jikin hoto, ya zama kamar yau aka ɗauka. Kawo shi da wayar tasa shago. Auta, wai har yanzu kina kan maganar surukan nan namu masu dogon wuya?"

Ya yi tsokanarsa, amma da muka isa shago ya ture aikin da ke gabansa ya haɗa wayar da kwamfuta. Duka shidan na bara ne, tsakiyar damina.

"Na bara waccan fa, Baba?" na tambayi mai wanki.

"Ai waccan wayar tana cikin kududdufin. Na sunkuya ɗaukar sabulu ta zame daga aljihu. In kin iya nutso, bismilla."

Jiya Litinin na koma wurin Injiniya tare da Baba mai wanki. Ya sa rigarsa mafi kyau, wadda na tabbata ta wani mai kawo masa wanki ce. Ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta duba kwanan wata, ta buga su a takarda ta sa hannu a bayan kowanne.

"Bana ta samu, bara ta samu," ta ce. "Saura bara waccan. In babu ita, shekara biyu ke nan, kuma ƙa'ida uku ta ce. Ba zan iya ƙirƙiro ta ba, Malama. Kuma in da hali kada ya zama daga mutum ɗaya, kwamiti ya fi yarda da hannu da yawa."

"Idan ban samu ba fa?"

"Alhamis ƙarfe huɗu zan rufe fayil. Litinin ɗan kwangila ya shiga."

Da na fito na samu saƙo daga Shugaba. Ya ce ya kira duk wanda ya taɓa zama ɗan ƙungiya tun farkonta, har waɗanda suka bar gari. Ba ko ɗaya. Duk ya koyar da su da kyau.

Yau Talata. Na rubuta wannan ne a ɗakin malamai tsakanin darasi biyu, kuma ba don ku yaba rubutun ba. Mu masu kyamara mun gama nuna iyakarmu. Abin da ake nema yana cikin aljihunku. Kai da ka sayi sabon babur bara waccan ka jingina shi a bakin titin masaƙa ka ɗauke shi hoto. Ke da kika tsayar da 'ya'yanki a wurin ranar da aka kunna sababbin fitilu. Kai mai shago da ka ɗauki ginin ana yankawa don ka nuna wa abokai. Ba tsuntsu kuka je ɗauka ba, na sani, amma suna bayanku.

Ku buɗe wayoyinku yanzu, ba anjima ba. Ku ja baya zuwa daminar bara waccan. Duk hoton da bututun hayaƙi ya fito a ciki tare da itatuwan tsakiyar ruwa, ko ya karkace, ko fuskarku ta yi muni, ko shara ta cika gabansa, kada ku datse, kada ku gyara, kada ku turo ta manhajar hira. Ku ɗauko wayar da kanta ku kawo ofishin sabunta gari, hawa na biyu, ƙofa ta uku a hannun dama. Gobe da jibi ina kan matakalar daga ƙarfe takwas na safe, Yaya na gefena da kwamfuta. Minti biyar zai ɗauke ku. Ku zo kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis.